Ku Tambaya Mu Amsa: Takalmin sefti kan mutu tun bai yage ba

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan satin tambayoyi akan takalmin sefti, wato takalmin aiki mai kare yatsu, su ne suka fi yawa, inaga saboda damina ta kankama kowa ya fara jin ruwa na shiga masa ƙafa. Na ɗauki guda biyar, ta farkon zan ɗan daɗe akanta dan ita ce tushen sauran.

TAMBAYA: Slm Malam, barka da ƙoƙari. Ni lebura ne ina aikin gini a nan Abuja wajen Lugbe, inada sefti but da na siya da kuɗina yau shekara ɗaya da wata bakwai kenan, wlh har yanzu ko ɗinki ɗaya bai saki ba dan kullum sai na goge abina. To sati biyu da suka wuce muna sauke bulo daga mota sai wani mai inci tara ya suɓuce ma abokin aikina ya faɗo min a ƙafar dama, Allah ya kiyaye ba abinda ya samu yatsuna, amma tun ranar nake jin kamar ƙarfen gaban ya ɗan lotsa yana gugar babban yatsana. Fomen ɗinmu yace ba komai tunda bai fashe ba in cigaba da sawa, ni kuma kuɗin sabo ba wasa ba. Dan Allah ya zanyi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara tsarewa. Naji daɗi sosai da yatsunka suka tsira, amma gaskiyar da zan faɗa maka ita ce wannan takalmin ya gama aikinsa tun ranar da bulon nan ya faɗo masa. Ya tare maka sau ɗaya, kar ka sa rai zai tare maka na biyu.

Bari in maka bayanin dalili dan kar kace dan ba aljihuna bane. Ƙarfen nan dake gaban takalmin an ƙera shi kamar ƙoƙo ne a kife, ƙarfinsa duk yana cikin wannan lanƙwasar tasa. Ƙa'idar da ake gwada yawancin takalman da ake shigo mana dasu, wadda zaka ga an rubuta EN ISO 20345 a jikin harshen takalmin, tace dole ƙarfen ya jure bugu na jul 200, wato kamar ka cika jarka mai lita 20 da ruwa ka sake ta daga tsayin mita ɗaya, sannan ya jure danni na kusan tan ɗaya da rabi, kuma duk da haka ya bar ma yatsu ɗan fili a ciki. To amma wannan gwajin akan sabon ƙarfe ake yinsa wanda ba'a taɓa bugawa ba. Da zarar ya lotsa abu biyu ne suka faru, filin da yake tsakaninsa da yatsunka ya ragu shi yasa kake jin yana gugarka, sannan wajen da ya lotsa ɗin ya riga ya zama mai rauni, in wani abu ya sake faɗowa nan zai bi ya nutse, kuma wannan karon ƙarfen da kansa ne zai danne maka yatsun. Fomen ɗinku fatar waje yake kallo, kai kuma kana jin abinda ke ciki, to naka bayanin yafi nasa ƙarfi. Kuma dan Allah kar ka bari wani yace kawo a sa guduma ta ciki a buɗa maka shi, ƙarfen da aka lanƙwasa aka sake miƙarwa baya komawa yadda yake.

Akwai ma wani nau'in da gabansa ba ƙarfe bane, wata roba ce mai tauri da aka haɗa da zare, yafi sauƙin nauyi kuma baya ɗaukar zafi. Shi matsalarsa baya lotsawa ka gani, tsagewa yake ta ciki sannan ya koma siffarsa kamar ba abinda ya faru. Duk mai irin wannan in abu mai nauyi ya faɗo masa ya canza kawai ko baiga alama ba.

Tunda ka tambaya bari in ƙara maka da yadda zaka duba kowane takalmi, dan shekara ɗaya da wata bakwai a wajen gini kullum ba kaɗan bane, a abinda na saba gani mai aikin siminti da rodi kullum daga wata shida zuwa shekara ɗaya takalminsa ya fara neman canji, mai zaman sito ko mai zagayen duba aiki kuma zai iya kai shekara biyu ko fi. Kaga kenan ba kalanda ake bi ba, aikin da takalmin ya sha ake dubawa. Ranar da baka aiki ka wanke shi ya bushe, ka fito dashi cikin haske. Zare shimfiɗar ciki ka zura hannu har ƙarshe kana shafawa, in kaji bakin ƙarfen ya fito ko kaji wani tsini ko rami a ƙasa to magana ta ƙare. Sai ka kifa shi ka duba haƙoran ƙasan kamar yadda direba ke duba taya, musamman wajen tudun tafin ƙafa da dunduniya, in sun suɗe sun yi sanƙo to ranar da ka taka jiƙaƙƙen katako akan dekin ko tayil mai ruwa sai dai Allah ya kiyaye, kuma wlh a wajen gini santsi yafi faɗowar bulo yawan kai mutane asibiti a iya abinda idona ya gani. Ka kama shi da hannu biyu ka lanƙwasa, ka duba ko tsaga zata buɗe a ƙasan ko kuma sol ɗin ya fara rabuwa da fata ta gefe. Daga nan ka ajiye duka biyun akan tebur ka tsuguna ta baya ka kalle su, in ɗaya ya karkace gefe kamar zai kwanta to haka yake karkata maka idon sawu da gwiwa duk wunin Allah, da yawa masu kukan ciwon gwiwa da ƙugu bayan an tashi aiki daga nan abin yake farawa basu sani ba.

Sai wani abu da mu muke yi wanda yake kashe takalmi da wuri, zan faɗa dan na damu dashi. Lokacin sallah yayi, an cire takalmi anyi alwala, ana sauri a koma aiki sai mutum ya take bayan takalmin ya maida shi silifas, ko ya zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa haka nan. Bayan takalmin nan mai tauri shi yake riƙe dunduniya kar ƙafa ta gurɗe, in ka karya shi ya karye kenan. Ka ajiye silifas ɗin alwala a jakarka da ɗan tsumma na goge ƙafa, minti ɗaya ne kawai.

Maganar kuɗi kuma na sani, wlh na sani. Amma ka lissafa kwana nawa zaka yi a kwance ba ko sisi in babban yatsa ya murƙushe, kai da sai ka fita ake ɗora tukunya. In bazaka iya siya yau ba to ka roƙi fomen ya cire ka daga sauke bulo da ɗaukar rodi na ƴan kwanaki, ka fara tara kuɗin daga yau, in kuna adashi a wajen aikin ka nemi a baka ɗauka na kusa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Maigidana bakanike ne a Kano, wani ɗan'uwansa ya bashi sefti sabo fil a kwalinsa tun shekaru kusan shida da suka wuce, ya ajiye a ƙasan gado yana tattalinsa sai tsohon ya mutu. Watan jiya ya fara sawa, ko sati biyu ba'ayi ba ƙasan ya fara zubewa gutsi-gutsi har a tsakar gida nake sharewa. Shin na jabu aka bashi ne ko kuwa wani abu aka masa?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, ki kwantar da hankalinki ba wanda ya masa komai, kuma zai iya yiwuwa takalmin mai kyau ne na asali. Ajiyar ce ta kashe shi.

Yawancin takalman sefti na yanzu ƙasansu ba asalin roba bace, wani abu ne mai kama da soso mai tauri da ake ce ma PU, shi yasa basu da nauyi kuma suke da laushin takawa. To shi wannan abun yana shan danshin iska a hankali, danshin kuma yana tsinka shi ta ciki, zafi kuma yana ƙara ma abin sauri. Abin mamakin shine wanda ake sawa kullum yafi daɗewa, dan takawar da ake tana matse danshin yana fita, wanda aka rufe a kwali a ƙasan gado damina shida kuwa yana nan yana ruɓewa shiru, ta waje yana ƙyalli.

Ni na gani da idona lokacin ina riƙe da sito a wata masana'anta. Aka ce a fito da wasu katan-katan na takalma da aka siya tun kafin in zo a raba ma sabbin ma'aikata, na buɗe kwalin farko takardar nan fara da ake naɗe su ko yamutsewa bata yi ba, warin sabuwar fata na tashi. Na ɗauki ɗaya na danna babban yatsana a dunduniyar, sai yatsan ya shige ciki, na murza sai ga shi yana marmashewa kamar ƙuli-ƙulin da ya sha iska, wani wajen kuma yana danƙo yana manne min a hannu. Har yau in na tuna kuɗin da aka zuba a banza da kuma yaran da suka koma aiki da tsofaffin takalmansu ranar raina yana sosuwa.

Dan haka in zai siyi wani ki ce ya kifa takalmin ya duba tsakiyar ƙasan, wajen da baya taɓa ƙasa, sau da yawa akwai wani ɗan zagaye kamar fuskar agogo, lambar shekara a tsakiya, kibiya kuma tana nuna watan da aka yi shi, wasu kuma a jikin harshen suke rubutawa. In yaga ya haura shekara uku zuwa huɗu da yi to ya ajiye musu ko da sun rage masa kuɗi. Ya kuma danna farce a dunduniyar, mai lafiya zai dawo, wanda ya fara mutuwa zai bar rami ko ya tsage.

Wannan ne ma yasa nake ɗari-ɗari da sefti na gwanjo irin wanda ake zubawa a Ƙofar Wambai da sauran kasuwanni. Ban ce duka marasa kyau bane, akwai masu ƙasan asalin roba da aka ɗinke waɗanda suke da sauran rai sosai, amma mai siya bai san shekarunsa ba, bai san me ya taɓa faɗo masa a can ƙasar da ya fito ba, kuma an riga an shafe shi da folish yana walƙiya. In dai gwanjon ne ƙarfinsa ya kai to ya zura hannu ciki ya lanƙwasa ya danna kamar yadda na faɗa ma mai tambaya ta farko, kar kunyar mai kaya ta hana shi. Kuma tunda bakanike ne mai wuni cikin baƙin mai da gas da giris, ya nemi wanda aka rubuta FO a jikinsa ko aka nuna yana jure mai, dan mai yana kumbura robar da ba'a yi ta dan shi ba.

TAMBAYA: Oga ni mai walda ne a Panteka Kaduna. Tartsatsi ya cinye fatar gaban takalmina har ƙarfen ya fito yana ƙyalli, gefe ɗaya kuma sol ya buɗe baki. Shumeka yace zai sa min faci a gaban ya ɗinke ƙasan ya ƙara masa taya. In bashi?

AMSA: Maigida sannu da aiki. Ina ganin girman masu gyaran takalmi kuma akwai gyaran da zasu maka ba matsala, canza igiya, sa sabuwar shimfiɗar ciki, maida ƙarfen ramin igiya, ɗinke wuyan takalmin in ya saki. Amma naka ya wuce nan. Fatar gaban nan ita take riƙe da ƙarfen a mazauninsa, in ta cinye ƙarfen yana iya gocewa lokacin da abu ya bugo shi, ga tsatsa zata fara cinsa, ga shi kai kana tsaye kusa da wayar walda da ƙarfe tsirara a ƙafarka. Ƙasan kuma in irin wanda aka zuba aka manne da fata ne tun daga kamfani, ba wanda aka ɗinke ba, to duk inda basilla ta huda ta buɗe ma ruwa hanya, tayar da zai liƙa maka kuma ba'a yi ta dan taka ƙarfe mai zafi ko mai ba.

In zaka sake, nemi mai alamar HRO, shi ana gwada ƙasansa akan zafin digiri 300 na minti ɗaya, PU kuwa narkewa yake in ka taka guntun ƙarfen da aka yanke yanzu. In ka samu marar igiya ko mai murfin fata akan igiyar yafi, dan ta wajen igiya da harshe tartsatsi ke faɗawa ciki, duk mai walda yasan wannan rawar da ake in ya shiga safa. Ka kuma saki ƙafar wandonka ta rufe wuyan takalmin, kar ka cusa ta ciki.

TAMBAYA: Ni aikin wayarin nake, an ce min duk sefti but yana hana shokin, haka ne?

AMSA: A'a ɗan'uwa, dan Allah ka cire wannan daga ranka tun yau. Masu alamar S1, S2 da S3, wato ajin takalmin da ake rubutawa a jikinsa, an yi su ne ma da gangan su riƙa sauke ɗan cajin da jiki ke tarawa zuwa ƙasa, ba dan su tare maka wutar layi ba. Wanda aka yi dan wuta daban yake, a ƙa'idar Amurka ta ASTM F2413 zaka ga EH a jikinsa, ana gwada shi da bolt 18,000 na minti ɗaya, kuma a bushe. Shi ɗin ma in ya jiƙe, ko ƙasan ya suɗe yayi siriri, ko ƙusa ko ɓarɓashin ƙarfe ya nutse a ciki to kariyar ta tafi, dan haka kai ya kamata ka riga kowa canzawa. Ka kashe wuta ka gwada da testa kafin ka taɓa, takalmi taimako ne kawai.

TAMBAYA: Malam muna aiki a wani kamfani a Sharaɗa, shekara uku kenan rabon da a bamu takalmi, nawa ƙusa ta taɓa huda shi har ta ɗan taɓa ni, yanzu ruwan kemikal ɗin da muke wanke ƙasa dashi yana shiga. In munyi magana sai a ce mu siya da kanmu. Inada ciwon suga kuma. Waye ya kamata ya siya?

AMSA: Baba, kafin maganar waye zai siya, maganar sugan nan ce ta fi tada min hankali. Ciwon suga yana rage jin ƙafa, mutum sai ya wuni da ƙusa ko tsakuwa ko bakin ƙarfe na cin naman ƙafarsa bai ji ba, ciwon kuma baya saurin warkewa, daga ɗan bororo ake kaiwa ga abinda ba'a fata. Takalmin da ƙusa ta riga ta huda kuma ga kemikal na shiga bai kamata ya sake kwana a ƙafarka ba. Kullum da dare ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu da fitila, in baka iya gani ka sa yaro ya duba maka, in kaga ja ko kumburi ko ruwa ka tafi asibiti washegari, kuma ka faɗa musu maganar ƙusar nan su duba ko kana buƙatar allurar tetanos.

Game da ƙusa, ba kowane sefti ne yake da farantin ƙasa ba, mutane da yawa basu san wannan ba. SB da S1 da S2 yatsu suke karewa amma ƙusa zata iya shiga, sai irin mai S1P ko S3 ne yake da faranti a ciki wanda ake gwadawa da dannin kusan kilo 110 akan tsinin ƙusa. Aikin ruwa da kemikal irin naku kuma sau da yawa dogon takalmin roba mai ƙarfe a gaba yafi na fata dacewa.

Siya kuwa, dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta ɗora ma mai kamfani samar da kayan kariya da kula dasu ga ma'aikatan da suke aiki cikin jiƙa ko cikin abubuwa masu cutarwa, kaga naku ya shiga ciki kai tsaye. Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda hukumar NSITF ke kula da ita in mutum ya ji rauni a bakin aiki. Shawarata kar ka je kai kaɗai kuma kar kuyi ta baki. Ku haɗu ku rubuta takarda cikin ladabi kowa ya sa hannu, ku ɗauki hoton ƙasan takalman da ramukan, ku bada ta hannun ƴan ƙungiyarku in kuna da ita, ku riƙe kwafi ɗaya da kwanan wata. In anyi shiru, ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya dake Kano yana da jami'an duba masana'antu, ku kai musu kwafin. Kai kuma Baba ka karɓo takardar asibiti da ta nuna kana da suga ka haɗa da ita, kafin a amsa kuma ko aro ne ka samu wani takalmin ka sa gobe da safe.